Haɓa ko Muƙamuƙi: Yadda Za Ka Gyara Fuska Ka Hau Kujera

Ya kai ma'aikacin da ya daɗe bisa kujera ɗaya har katakonta ya ɗauki siffarsa, ga jagora ta iso hannunka. Idan ka bi matakan nan takwas bi da bi, ba tsallake ba gardama, na lamunce maka abu biyu. Na farko, za ka san wanda ya kamata likita ya taɓa tsakanin haɓarka da muƙamuƙinka. Na biyu, ƙarin girman da ya yi shekaru yana wuce ƙofarka ba sallama zai shigo ya zauna. Ban gina wannan alkawari bisa ji-ta-ji-ta ba. An jarraba hanyar a kan mutum guda, mijin 'yata ta biyu, kuma ta yi aiki ɗari bisa ɗari.

Shi wannan suruki nawa, shekara goma sha tara da wata huɗu ya yi a ɗakin fayil na wata ma'aikatar ruwan famfo, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Akawu yake ce masa. Kujerar da yake hange ita ce ta shugaban sashen koke-koke, wadda mai ita zai yi ritaya a ƙarshen shekara. Mutum biyu ke nemanta: shi, da wani Dogo, wanda Akawu da hannunsa ya koya wa yadda ake huda takarda a ɗaure ta a fayil. Idan Dogo ya samu, Akawu zai ƙare aikinsa yana ce wa ɗalibinsa Yallaɓai.

Mataki na ɗaya: Nemi aibin fuskarka a rubuce

Kada ka amince da madubi. Madubi gabanka kawai yake nuna maka, alhali jama'a ta gefe suke kallonka. Kada kuma ka tambayi abokai, domin aboki ya riga ya saba da kai. Ra'ayin shugabanka za ka nema, kuma a kan takarda.

Akawu ya sami nasa ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma da kwata. Rahoton shekara na ma'aikata ya sauko daga ofishin Darakta domin a adana, nasa na ciki, an like da alamar sirri. Ya buɗe shi, a cewarsa don ya tabbatar an huda shi daidai. Ga abin da injin sakatariya ya buga, harafi da harafi:

"Ma'aikaci ne mai kwazo da rikon amana. Sai dai haba ta yi masa yawa. Idan ya rage ta, babu wanda ya fi shi cancantar mukamin."

"Haba," in ji Akawu, shi kaɗai a tsakanin kantoci.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin sharhi. Da wannan kalma yake buɗe kowace magana tun yana saurayi. Idan aka ce masa ana ruwa, ya ce haba. Idan aka ce an ɗauke, ya ce haba. Ranar da ungozoma ta fito ta ce masa an sami ɗiya mace lafiya lau, abin da ya fara fita daga bakinsa ke nan, har matar ta koma ciki ta sake dubawa.

Mataki na biyu: Kai wa masani takardar

Magana a rubuce ba ta kowa ba ce. Nemi dattijon da ya ga jiya, ka miƙa masa, ka zauna a ƙasa da shi.

Da yamma Akawu ya zo gidana da matarsa da kwafin rahoton a aljihu.

"Baba, duba mini wannan. Wace haba ce ta yi mini yawa?"

"Karanto mini kalma ta huɗu."

"Kwazo."

"Ka taɓa jin wani abu wai shi kwazo? Ƙwazo ake nufi. Gaba."

"Rikon amana."

"Riƙon amana. Ta ƙarshe fa?"

"Mukamin."

"Muƙamin. To, ka gani. Wannan inji ba ya sa wa harafi ƙugiya. Ya cinye ta sau uku a layi uku. Wane dalili zai sa ya ƙyale ta huɗu? Haɓa ake nufi. Juya gefe in gani."

Ya juya. Gaskiya ɗaya ce: haɓar Akawu takan riga shi shiga ɗaki. Ba muni ba ne, kuma shekara sha huɗu yana surukina ban taɓa damuwa da ita ba, amma da zarar an rubuta aibu a takarda mai hatimi, ido yakan soma ganinsa.

Ya kamata ka san asalin wannan ɓarna. A zamanin keken rubutu, akawu kan buga takarda, sannan ya bi ta da alƙalami ya ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa, kuma ba a kai wa shugaba sai an gama. A ma'aikatar su Akawu an bar wannan ɗabi'a shekara ashirin da uku da suka wuce, a makon da aka kwashe kekunan aka jera na'urori. Tun daga ranar ake karatu da zato.

'Yata ta shigo da tiren shayi, ta leƙa takardar ta bayan kafaɗar mijinta.

"Baba, ba ka ganin ko Darakta yana nufin..."

"Haba, ke kuma. Manya na magana," in ji Akawu.

Ta ajiye tiren, ta dube shi, ta dube ni, ta koma kicin.

Mataki na uku: Fara da gemu

Kafin wuƙa, gwada gashi. Ka daina aske haɓa na tsawon mako uku, ka jure ƙaiƙayi. Akawu ya jure. Gemun ya fito tsilli-tsilli a kumatu, ya taru duka a kan tsinin haɓar, kamar an yi kiran taro a wurin. A rana ta ashirin da ɗaya ya je wurin mai askinsa, ya zauna, ya nemi a daidaita.

Mai aski ya zagaya kujerar sau biyu da almakashi a hannu.

"Akawu, in faɗa maka gaskiya ko in yi maka aski?"

"Faɗi."

"Gemu ba ya ɓoye haɓa. Rakiya yake yi mata. Da tana shiga ɗaki ita kaɗai, yanzu da tawaga take shiga."

"Haba, mai aski."

"To, kwanta in kwashe."

Aka kwashe. Wannan mataki ba ya aiki, amma wajibi ne, domin gobe idan dangi suka tambaye ka za ka ce ka gwada komai.

Mataki na huɗu: San bambancin su biyun

Mutane da yawa sukan haɗa haɓa da muƙamuƙi, alhali ɗaya baranda ce, ɗaya kuma ginin ne gaba ɗaya. Je wurin likitan ƙashin fuska, kuma ka tafi da matarka, domin kunne huɗu ya fi biyu riƙe bayani.

Likitan da suka gani mutum ne mai sanyin murya, da ƙoƙon kai na roba a kan teburinsa. Ya ɗauki hoton ƙashin Akawu, ya manna a allo mai haske, ya daɗe yana kallo.

"Malam, kana cin abinci lafiya?"

"Lafiya lau."

"Numfashi fa? Barci?"

"Haba, Likita, ai ba ciwo ya kawo ni ba."

"Shi ne nake so ka ji da bakinka. Ni ban ga abin da ya wajabta aiki ba. Amma tunda ka tambaya, ga yadda suke." Ya ɗauki ƙoƙon. "Na haɓa ƙarami ne. Ta cikin baki za mu shiga, mu yanki tsinin ƙashin, mu mai da shi baya kaɗan, mu ɗaure. Kwana kaɗan za ka soma magana."

"Ɗayan fa?"

"Na muƙamuƙi babba ne. Haƙoranka na ƙasa sun ɗan wuce na sama, don haka ba haɓar ce ta yi tsawo ba, muƙamuƙin ne ya turo ta gaba. Za mu yi watanni muna shirya haƙoran da waya. Sannan mu mai da ƙashin baya dukansa, mu ɗaure na sama da na ƙasa. Mako shida ba tauna, ba magana."

"Haba, Likita. Mako shida mutum..."

"Likita," in ji 'yata, "mako nawa ka ce?"

"Shida, Hajiya."

"Ba magana ko kaɗan?"

"Sai dai gurnani."

Ta gyara zama. "Babu na takwas?"

Likita ya ce babu, ya kuma mai da hankalinsa kan ƙoƙon roba na ɗan lokaci.

A nan zan ba ka wani sirri da ba a koyarwa a makarantar likitanci. Dubi kalmomin da kansu. Muƙamuƙi, idan ka lura, muƙami ne da ɗan ƙari a bayansa. Haɓa kuwa 'yar'uwar haɓaka ce, kai kuma ragi kake nema. Masana asalin kalmomi ba za su yarda da ni ba, amma a cikinsu babu wanda ya taɓa samo wa surukinsa ƙarin girma.

Mataki na biyar: Sanar da mahaifiyarka, ka shirya wa abin da zai biyo baya

Fuskar da kake shirin gyarawa ba taka ba ce kai kaɗai. Akwai wadda ta riga ka saninta.

Akawu ya fi karkata ga aikin haɓa, tunda ita rahoto ya ambata. Ya je ya sami mahaifiyarsa tana tsintar wake a faranti, ya durƙusa, ya yi bayani. Tsohuwa ta ajiye farantin.

"Matso."

Ya matsa. Ta kama haɓar da yatsu uku, kamar mai duba ƙwai.

"Wannan za a yanka?"

"Kaɗan ne, Inna. Tsinin kawai."

"Ranar da na haife ka, jarirai bakwai aka jera a ɗaki ɗaya, duk an naɗe ku da farin zane. Ban tambayi kowa ba. Da wannan na ɗauko ka. Ta ubanka ce, shi ma ta ubansa ce. Gidan da ya bari kun raba, agogonsa ya tsaya. Ita kaɗai ta rage nake gani kullum."

A karo na farko a tarihin da na sani, Akawu ya buɗe baki ya rufe ba tare da kalmar ta fito ba.

Matarsa ce ta warware. Ta ce, "Inna, ai akwai ɗayan aikin. Shi ba a taɓa haɓar ko kaɗan. Tana nan yadda Baba ya bar ta, baya kawai za ta ɗan koma, kamar an ja kujera."

"Ba za a rage ba?"

"Ko ƙwayar gero."

Tsohuwa ta ɗauki farantinta. "To, a ja. Da ma ta cika gaggawa."

Ka ga yadda ake yanke shawara: likita ya ce ba dole, kai kana son ƙarami, mahaifiyarka ta hana, matarka ta zaɓi babba. Idan aka tambaye ka, ka ce bayan dogon nazari ka zaɓa.

Mataki na shida: Yi shiru

An sa waya a watan Afrilu, an yi aikin ranar sha huɗu ga Oktoba. Game da makon farko ba zan ɓoye maka ba: fuska takan kumbura har yaranka su yi maka gaisuwar baƙo, abincinka kuma romo ne da madara ta siririn bututun shan lemo. Tanadi littafi da biro domin buƙatunka.

Akawu ya tanada. Kalmar farko da ya rubuta, ranar da aka kawo masa romo karo na huɗu a yini ɗaya, mai haruffa huɗu ce, ka kuma san ta. Ya miƙa wa matarsa. Ta karɓa, ta nisanta littafin, ta kusanto da shi.

"Baban yara, rubutun nan naka ba ƙugiya. Haɓar ce ke ciwo? Bari in kawo ƙanƙara."

Ya yi gurnani. Ta kawo ƙanƙara.

A cikin makonnin nan ne ta zauna a bakin gado ta ƙarasa maganganun da ta faro tun shekarar aurensu. Ya ji ƙarshen labarin rigimarta da yayarta, wanda sau tara tana farawa. Ya ji cewa ba ta son labulen falo, ba ta kuma taɓa so ba. Ya ji cewa shagon ɗinkin da take ambata ba mafarki ba ne, ta riga ta ga wurin, ta san inda keke zai zauna da inda haske ke shigowa. A da takan kai "akwai wani shago" ne kawai a tare ta. Ranar da ta kai ƙarshe, ya jawo littafin ya rubuta, "Yaushe za mu je in gani?" Ta karanta wannan ba tare da ta nisanta littafin ba.

Mataki na bakwai: Koma aiki kafin a kwance ka

Kada ka cinye hutunka duka. Bayan mako biyu, da kumburi ya sauka, ka koma, baki a ɗaure. Akawu ya rubuta wa ofis cewa aikin haƙori aka yi masa, wanda ba ƙarya ba ne ƙwarai.

Ya tarar Darakta ya yanke cewa kafin kwamiti ya zauna, kowane ɗan takara zai riƙe teburin koke-koke na mako biyu. Dogo ya riga ya yi nasa. Ya yi shi da murmushi da lafazi mai daɗi, ya yi wa kowa alkawari, famfo ko ɗaya bai kawo ruwa ba.

Ranar farko ta Akawu, wani mai wanki da guga ya shigo. Sau huɗu yana zuwa ma'aikatar a cikin wata biyar, kuma sau biyu a ciki da Akawu ya ci karo a baranda, inda aka sallame shi da "Haba, malam, ai kowa ma ba shi da ruwa." Da ya ga wanda ke kan tebur, sai da ya juya zai fita. Akawu ya nuna masa kujera.

Mutumin ya fara a ɗarare, yana jiran a tare shi. Ba a tare shi ba. Ya faɗi yadda yake sayen ruwan kura a wurin 'yan ga-ruwa, yadda masu kawo masa kaya suka ragu, yadda farar rigar wani lauya ta koma ruwan ƙasa. Akawu yana gyaɗa kai. Kalmar tana tasowa daga cikinsa, ta iso bayan haƙora, ta tarar da waya, ta koma. A minti na talatin da takwas mai wanki ya ce, "Ni dai tun ranar da maƙwabcina ya haƙa harsashin katanga ban ƙara ganin ɗigo ba."

Akawu ya ɗaga hannu. Ya rubuta wannan jimla ɗaya, ya ja mata layi biyu, ya kai wa masu gyara da ƙafarsa. Bayan kwana biyu aka tono bututun da aka datse a ƙarƙashin katangar.

Mai wanki ya dawo, ya nemi ganin Darakta. "Yallaɓai, wancan bawan Allah na ƙasa, ban taɓa ganin mai hankali irinsa ba. Ko kalma ɗaya bai faɗa mini ba."

Kafin mako biyu su cika, masu koke suna tsayawa a ƙofa suna tambaya ko mai shirun yana nan.

Mataki na takwas: Kula da kalmarka ta farko

An kwance Akawu ranar Talata, ashirin da biyar ga Nuwamba. Ya dubi madubi ta gaba da ta gefe: haɓar ubansa na nan, ta koma baya kamar faɗin ɗan yatsa, yanzu tare suke shiga ɗaki. Washegari Darakta ya aiko a kira shi.

Takardar ƙarin girma na kan tebur, an buga ta, saura sa hannu. Darakta na riƙe da biro.

"Zauna, Akawu. Yaya haƙoran?"

Akawu ya sunkuyar da kai alamar godiya.

"Kwamiti ya gamsu. Ni kuma zan gaya maka abin da ba a saba faɗa ba. A rahotonka na bana na rubuta cewa abu ɗaya ke tsakaninka da kujerar nan. Haba, Yallaɓai. Haba, malam. Haba, Hajiya. Na taɓa ƙirgawa a taro ɗaya, sau goma sha bakwai. Mutum ba ya kai aya a gabanka. Na ce idan ka rage ta, kujerar taka ce. To, wata guda ke nan ban ji ko ɗaya ba. Ashe ciwon haƙori ma yana da amfaninsa, ko ba haka ba?"

Akawu ya kai hannu a hankali ya taɓa haɓarsa. Ya tuna gemun mako uku. Ya tuna wata shida na waya, da romo ta bututu, da yatsun mahaifiyarsa, da wani dattijo yana ce masa juya gefe in gani. Kalmar ta taso daga tafin ƙafarsa, da ƙarfin mako shida na tsarewa, ta iso bayan haƙora, ta tarar ƙofa a buɗe.

"Ha..."

Biron Darakta ya tsaya a sama, bai taɓa takarda ba.

"...ƙiƙa, Yallaɓai. Haƙiƙa."

Ya furta ta da ƙugiyoyinta biyu cur. Darakta ya sa hannu.

Sanarwar barranta

Marubucin wannan jagora ba likita ba ne, kuma bai taɓa cewa shi likita ne ba. Duk wanda ya kai ƙashinsa ga wuƙa bisa abin da ya karanta a nan, shi da ƙashinsa. Kumburi, gurnani, ƙin jinin romo har abada, ko buɗe wa matarka shagon ɗinki, babu wanda za a ɗora mini a ciki.

Game da fassarar rahoton kuwa, ina tunatar da mai karatu cewa kalma huɗu aka kawo mini, na gyara uku daidai, kuma a kowace jarrabawa da na sani wannan cin nasara ne. Laifin na injin da ba ya sa ƙugiya ne. 'Yata ta ce ita ta gane tun ranar farko, ta kuma yi yunƙurin faɗa, aka ce mata manya na magana. Ban tuna wannan ba, ko da yake na rubuta shi a mataki na biyu.

Surukina ya zo gidana da yammacin ranar da aka sa hannun. Ya gaishe ni, ya zauna, ya dube ni na tsawon minti huɗu, ya sha shayinsa, ya yi sallama. Na ɗauki wannan a matsayin godiya.

Idan ka bi matakan nan abin bai yi maka daɗi ba, kada ka zo gidana. Je ma'aikatar ruwa, hawa na ƙasa, ƙofa ta biyu a hannun dama. Shugaban sashen koke-koke zai saurare ka har ka kai aya.